Hula Biyar, Biza Huɗu

Da hannuna na rubuta "biyu".

Ranar wata Talata ce bayan La'asar, a falon Kawu Abdulbaƙi da ke unguwar Rusaifa a Makka. Kwamfuta tana kan cinyata, Kawu yana tsaye a kaina, Majid mu'aƙƙib, mai yi wa mutane zirga-zirgar takardu, yana zaune yana kurɓar shayi. Fom ɗin neman zama a Kanada muke cikewa. Ni aka kira daga gidanmu na unguwar Zahir don ni ce na karanta Turanci a jami'a. Da na zo gurbin da ake tambayar yawan 'ya'ya, sai na danna uku.

"Goge," in ji Majid. "Sa biyu."

Na ɗaga kai na dubi Kawu. Shi kuwa tagar yake kallo.

"'Ya'yan Kawu uku ne," na ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Ya binti, ni za ki gaya wa? Ni nake sabunta musu iƙama, izinin zamansu a ƙasar nan, duk shekara. Mutanen nan likita suke sawa ya duba kowa. Da sun ga kurma a fayil, halas, sun rufe shi gaba ɗaya. An yi wa wani ɗan Sudan haka a kan idona." Ya juya ga Kawu. "Ku dai ku shiga tukuna, ya ustaz. In kun zauna shekara ɗaya sai ku aiko a kai muku ita. Kowa haka yake yi."

Daidai nan Mubina ta shigo da farantin sambusa. Ita ce 'yar fari, shekararta goma sha tara. Zazzaɓi ya tafi da jinta tun tana 'yar shekara biyu. Ta ajiye farantin, ta bi bakunanmu da kallo ɗaya bayan ɗaya, don da haka take jin magana. Kawu ya yi mata murmushi, ya ɗaga mata babban yatsa. Ita ma ta ɗaga masa nata, ta fita.

Na goge ukun.

Ba zan ce Kawu ba shi da abin da ya kore shi ba. Shekara ashirin da biyu yana aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti mai zaman kansa, sai aka ce gurbin nasa na 'yan ƙasa ne yanzu, in kwantiraginsa ya ƙare ba za a sabunta ba. Wani lardi a Kanada, Manitoba, yana neman ma'aikatan lafiya. Ya kama wannan hanya da hannu biyu. Har wani littafin tarihin ƙasar ya sayo, ya sa ni zuwa kullum da yamma ina karanta musu ina fassarawa, shi da matarsa Anti Sa'adatu da ƙannen Mubina, Manal da Fahad.

Babi ɗaya yake so, ya sa na maimaita shi ya fi sau biyar. Babin zamanin da Kanada ta buɗe ƙofa, daga ƙarshen ƙarni na sha tara zuwa yaƙin duniya na farko, lokacin da baƙi wajen miliyan uku suka kwarara cikinta. Ana ba mutum fili eka ɗari da sittin ya noma ya zama nasa. Layin dogo ya ratsa ƙasar daga wannan teku zuwa wancan, garuruwa suna tsirowa a gefensa.

"Kun ji ko?" Kawu yakan ce yana buga hannun kujera. "Ƙasar da baƙi suka gina ke nan. Ba ruwansu da ɗan wa kake. Ni a nan na tsufa ina ɗibar jinin mutane, har gobe sunana ajnabi."

Mubina tana zama a ƙasa kusa da ƙafata don ta riƙa leƙen hotunan. Akwai na wasu mata da ɗankwali a bakin jirgin ruwa, kowace da ƙullin kaya, ƙanƙara ta rufe ƙasa. Ta nuna su, ta nuna kanta, ta rungume jikinta tana karkarwa tana dariya. Daga ranar wannan ta zama alamar Kanada a gidan. Washegari ta ja ni kasuwar Zahir ta sayi zaren ulu kala biyar. A zafin Makka, wanda ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa da rana, ta zauna saƙa hulunan sanyi. Maƙwabta suna zuwa suna dariya. Ta fara da ta babanta.

Ba wanda ya ce mata ta daina.

Bayan wata bakwai aka kira su Jidda gwajin likita. Na je gidan da sassafe don ni zan yi musu tafinta. Na tarar Mubina ta riga kowa shiryawa, ta sa abayarta mai ɗinkin hannu, jaka a kafaɗa. Anti Sa'adatu ta dafa ta, ta yi mata alamar famfo, ta nuna agogo. Wai mai gyaran famfo zai zo, dole wani ya zauna. Mubina ta nuna Manal. Anti ta girgiza kai. Mubina ta nuna kanta, ta yi alamar likita, ta buɗe tafin hannu tana tambayar yaushe. Anti ta juya hannu gaba, ma'ana wata rana.

Da muka dawo da yamma muka same ta a bakin ƙofa da abayar a jikinta. Ta nuna mana famfon, ta yi alama cewa ba wanda ya zo, kuma ta duba, lafiyarsa ƙalau.

Daga makon nan Anti Sa'adatu ta fara sa niƙabi a cikin gida.

Ran da na fara ganinta da shi a kicin, daga ita sai 'ya'yanta, na ɗauka wani baƙo ne a falo.

"Mura nake yi," ta ce. "Kar in shafa wa yara."

Murar ta yi wata uku. Da niƙabin take magana da Kawu a kan tikiti da makarantar yara da kayan da za a sayar, Mubina tana tsaye a gabansu tana yanka albasa. Kawu ba shi da niƙabi, sai ya koyi magana da hannu a kan gashin baki, kamar mai sosawa. Fahad yakan juya baya. Manal, wadda ta fi kowa iya maganar hannu don tare suka tashi a ɗaki ɗaya, an ja mata kunne kar ta kuskura ta yi zancen tafiya da yayarta. Yarinyar ta rasa yadda za ta raba zancen tafiya da sauran zance, sai ta daina maganar gaba ɗaya. In Mubina ta taɓa ta, sai ta sunkuyar da kai kan waya.

Mutum biyar a gida, bakuna huɗu duk an rufe. Ina ganin Mubina tana bin su da ido daga fuska zuwa fuska kamar mai neman ƙofa a ɗakin da ba ta sani ba. Ta rame. Ta fara tambayata a rubuce, da Larabcin da ta koya a makarantar kurame: "Na yi laifi ne?" Na rubuta mata: "A'a." Ta rubuta: "Mama tana fushi da ni?" Na rubuta: "Mura ce." Ni ma na shiga layi.

Majid ya ce a yi hattara, wai mutanen Kanada suna bincika wayar mutum da shafukansa. Kawu ya zauna rana guda yana goge duk hoton da Mubina take ciki. Na bangon falo, wanda aka ɗauke su su biyar ranar wata Sallah, aka sauke aka ce gilashin ya tsage. Abin bai tsaya nan ba. Duk Rusaifa da Abu Mubina, wato baban Mubina, aka san Kawu, don ta yi shekara bakwai a duniya kafin a haifi namiji, sunan ya riga ya bi shi. Wata rana na biyo shi za mu ɗauki mota, Malam Badamasi mai kantin kan kwana ya ɗaga masa hannu.

"Abu Mubina, an ce mun kusa rasa ku. Ka tafi da ni mana, ko a jaka."

"Abu Fahad," in ji Kawu.

"Na'am?"

"Abu Fahad ake cewa. Ai da namiji ake kiran mutum."

Malam Badamasi ya dube shi ta saman tabarau. "Yau shekara goma sha biyu da haihuwar Fahad, sai yanzu ka gano namiji ne?"

Kawu bai yi dariya ba. Ya buɗe mota ya ce in shiga.

Abin da ya dame ni na kai shi ga karatu, don ni ban iya kai damuwata ga mutane ba. Na bar littafin Kawu na shiga neman abin da bai faɗa ba. Na samu dokar shige da fice ta shekarar 1906, ta cikin wancan zamanin da yake yabo. Ta jero waɗanda ba za a bari su sauka daga jirgi ba, a ciki har da kurma da bebe da makaho. Na ce ashe daga nan Majid ya samo iliminsa, ya makara da shekara ɗari da ɗoriya. Amma jimlar ba ta ƙare a nan ba. Ta ci gaba da cewa sai fa in mutumin yana tare da danginsa, kuma sun tsaya masa.

Na daɗe ina kallon wannan layin.

Sannan na duba ƙa'idar yanzu. Iyakar abin da na fahimta, rashin ji shi kaɗai ba ya rufe fayil. Abin da suke aunawa shi ne nauyin jinyar da mutum zai ɗora wa ƙasar, Mubina kuwa ko maganin ciwon kai ba ta cika sha ba. Sai na ci karo da wata ƙa'idar kuma. A irin hanyar da su Kawu suka bi, duk ɗan da ba a ambata ba, likita bai duba shi ba kafin iyaye su shiga ƙasar, ba su da ikon ɗauko shi daga baya. Ba bayan shekara ɗaya ba, ba bayan goma ba. Amma muddin ba su sauka can ba, ana iya rubutawa a gyara.

Na buga takardun, na ja layi a ƙarƙashin wuraren, na fassara a gefe. Ranar Juma'a bayan an ci abinci na miƙa wa Kawu, don na san in baki zan buɗe ba zan kai ƙarshe ba. Anti tana gefe da niƙabinta. Mubina tana kicin tana wanke-wanke.

Ya karanta har ƙarshe. Ya ninke takardun gida huɗu.

"Wa kika nuna wa wannan?"

"Ba kowa, Kawu."

"Tayyib. Ruƙayyatu, ke yarinya ce mai karatu, amma karatu daban, duniya daban. In na rubuta musu yanzu na ce ina da wata 'ya, me za su ce? Za su ce me ya sa ka ɓoye. Su ajiye fayil su yi wata shida suna tunani, ko su ce na yi ƙarya su hana mu duka. Iƙamata saura wata huɗu. Manal da Fahad fa? In zubar da biyu saboda ɗaya?"

"Amma ba za ku iya ɗauko ta ba, Kawu. Har abada."

"Ke kika san gaibu? Doka ai canzawa take yi."

"In ba ta canza ba fa?"

"Murja tana Kano," Anti ta sa baki. Gwaggo Murja yayar Kawu ce, Mubina ba ta taɓa ganinta ba sai a waya. "Za ta riƙe ta kamar ita ta haife ta. Can ma akwai irinsu da yawa, ƙila Allah ya haɗa ta da miji. Kina gani kamar ba na jin ciwo ne? Ni na yi naƙudarta. Ke ba ki san yadda nake kwana ba."

"Kuma ma," in ji Kawu, "sanyin can ba na irinta ba ne. Yarinyar da ko mota ta taho ba ta ji, a sa ta cikin ƙanƙara? Tausayinta muka ji."

Ban san lokacin da maganar ta fito ba. "Kawu, a wancan zamanin da kake so, da baƙaƙen manoma suka zo daga Amurka, da wannan aka nemi hana su shiga. An ce sanyin ƙasar ba na irinsu ba ne."

Ya dube ni kamar kujera ce ta yi magana.

"Ki iya bakinki. Uwarki ƙanwata ce, ni na yi mata waliyyi. Kuma kar ki manta wanda ya cike fom ɗin."

Na koma gida na gaya wa mahaifiyata zan rubuta wa ofishin bizar Kanada da kaina. Ta rufe ƙofar ɗaki ta ce in na yi haka na rusa mutum biyar maimakon ɗaya, kuma in nemi wata uwar. Ta yi kuka, ta ce ita ma abin yana cinta, amma yaya ne, ba a ja da shi. Ban rubuta ba. Ina da adireshin, ina da Turancin, na san lambar fayil ɗin da ka. Ban rubuta ba.

Biza ta fito a watan Rajab. Tunda iƙamar Mubina a ƙarƙashin ta babanta take, in ya yi fitar ƙarshe ita ma ba ta da zama a garin da aka haife ta. Aka saya mata tikitin Kano, mako guda kafin nasu. Anti ta gaya mata da hannu cewa za ta je ta gaida Gwaggo ne, ta yi sallama da dangi a madadinsu, daga can sai ta biyo su.

Saura kwana uku ta zo gidanmu da hantsi, ita kaɗai, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ja ni ɗaki ta zauna a bakin gado, ta rubuta a waya ta miƙo mini.

"Ina jera kayan Baba na ga fasfo. Huɗu da takarda manne a ciki. Nawa babu. Yaushe za a manna nawa?"

Na karɓi wayar. Na rubuta "in sha Allah", na goge. Ta kama haɓata ta ɗago fuskata, ta nuna bakina. So take ta gani a baki.

Na gaya mata. A hankali, kalma bayan kalma, yadda za ta karanta. Na ce an tambayi Baba 'ya'yansa nawa, an rubuta biyu. Na ce ba za a manna nata ba, ko bana ko baɗi. Na ce Kano ba ziyara za ta ba.

Ba ta yi kuka ba. Ta ɗaga yatsu biyu ta dube su. Ta rubuta: "Saboda kunne?"

Na gyaɗa kai.

"Su mutanen Kanada suka ce ba sa so na?"

"Ba a tambaye su ba."

Ta sa na maimaita. Na maimaita. Sannan ta rubuta: "Baba bai iya kwamfuta ba. Wa ya rubuta?"

Na nuna ƙirjina.

Ta dube ni, kallon da har yau in na tuna sai na ajiye abin da ke hannuna. Ta miƙe ta gyara mayafinta ta fita. Na bi ta a baya har Rusaifa, tsakaninmu taku goma, ba ta waiwayo ba.

A kwana ukun nan ba ta fasa komai ba. Ta yi girki, ta goge kayan Fahad, ta ɗaure akwatunansu da igiya, ta saka wa kowa hularsa a aljihun gefe inda zai samu da sauƙi in an sauka. Anti ta ce, "Kun ga, ta haƙura. Dama Mubina akwai haƙuri." Ba ta san na faɗa ba. Ko kuwa ta sani, ta ga rashin sanin ya fi sauƙi.

Wannan haƙurin nata shi suka jingina da shi tun farko. Sun san ba za ta yi ihu maƙwabta su ji ba. Sun san ba za ta ɗauki waya ta kira wani kawu ko limami ta kai ƙara ba. Da Manal ce ko Fahad, da ba wanda zai ko fara tunanin. An zaɓi wadda za a iya yi wa abin a gabanta, tana zuba wa mutane shayi. Kuma kowa ya samu inda ya rataya nasa laifin: Majid ya ce shawara kawai ya bayar, Kawu ya ce Majid ne masani, Anti ta ce ƙaddara, mahaifiyata ta ce zumunci, ni na ce kunya. A garin da mutane suke zuwa daga ƙarshen duniya su roƙi gafara muka yi wannan, muna jin kiran salla sau biyar.

Ranar tafiyarta muka kai ta filin jirgin Jidda da safe. An haɗa ta da wata dattijuwa 'yar Kano da ta gama Umara, wadda ba ta san alamar hannu ko ɗaya ba, ba ta kuma karanta Larabci sai na Alƙur'ani. A bakin shingen da masu rakiya suke tsayawa, Kawu ya sha gaban Mubina. Karon farko cikin watanni ya ba ta fuskarsa sosai, ya buɗe baki yadda za ta gani.

"Mubina. Shekara ɗaya kawai. Kin ji? Da mun zauna..."

Ta dube shi har ya kai nan. Sai ta rufe ido.

Ya tsaya. Ya taɓa kafaɗarta. Ba ta buɗe ba. Ya girgiza ta kaɗan. Anti ta matso tana yi mata alamu da hannu biyu, alamar haƙuri, alamar waya, alamar zuciya, duk a gaban rufaffen ido. Manal ta fashe da kuka ta kama hannun yayarta tana rubuta mata wani abu da yatsa a tafi. Mubina ta dunƙule hannun.

Kawu ya ci gaba da magana, muryarsa tana hawa, har mutane suka fara waiwaye. Ya ce don su ya yi. Ya ce wata rana za ta gane. Ya ce ta buɗe ido ubanta yana magana. Tana tsaye a miƙe, jakarta a kafaɗa, kamar mai jiran a gama sharar gabanta ta wuce.

Dattijuwar ta duba agogo ta ce, "Bayin Allah, za a rufe mana ƙofa." Ta kama hannun Mubina. Haka ta ja ta, tana gaya mata ga mataki, ga kwana, ita da ba ta ji. Muna tsaye muna kallon bayansu har suka shige. Ba ta buɗe ba.

Kawu ya ciro hankici ya share wuyansa. Ya juyo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, yana neman wanda zai mara masa baya.

"Kun dai gani da idonku," ya ce. "Yarinyar nan ba ta jin magana."